Shingen da Baba Nomau Bai Cire Ba

Kai, ku bari in sha ruwa tukuna, da gudu na taho daga makaranta! Abin da ya faru yau a ɗakin kwamfutarmu, wallahi da ba ni labarinsa aka yi da na ce an ƙara gishiri. Amma ba za ku gane ba sai na faro muku daga gidan su Baba Nomau.

Gidansu ne na ƙarshe in za a fita Kwarin Ɗinya ta hanyar rafi, mai zogale a ƙofa. Mutum uku ne a ciki, sai akuya. Akwai shi Nomau, dogo mai faɗin kafaɗa, furfura ta soma leƙowa a gemunsa. Akwai matarsa Kyauta mai ƙosai, wadda ake jiyo dariyarta tun daga bakin masallaci. Sai mahaifiyarsa Inna Marka, tsohuwar da duk ƙasar nan ba wanda ya kai ta sanin waƙoƙin niƙa da na daɓe. Shi ne ɗanta na ƙarshe, shi ya sa ba ta kiran sunansa, Auta kawai take ce masa. Ita kuwa akuyar ba ta da suna, don ranar da aka sayo ta an ce wa Nomau ya dakata da raɗa mata suna a yi shawara, har yau yana dakatawa.

Kada ku ɗauka Nomau taɓaɓɓe ne. Ya yi firamare, yana karatu, yana rubutu, ba ya ƙarya, ba ya taɓa kayan mutane. Abu ɗaya ne kawai: abin da bakinka ya faɗa masa shi zai yi, ba ragi ba ƙari.

Wata rana Kyauta za ta barka, ta shanya gero a tsakar gida, ta miƙa masa kara ta ce, "Malam, ka zauna nan. Kada kaza ko ɗaya ta taɓa mini geron nan." Ya ce to. Da ta dawo sai ta tarar da shi zaune daram, kaji sun yi cirko-cirko can nesa suna hararar sa, akuya kuwa tana tsakiyar tabarma cikinta ya yi tim, gero ya koma rabi.

Ya ce, "Ko kaza ɗaya ba ta taɓa ba."

"Akuyar fa, Malam?"

"Ba ki ce akuya ba."

Kyauta ta ɗora hannu a ka. Inna Marka na daga ƙofar ɗakinta tana dariya har da hawaye, ta ce, "Ki bar mini Auta. Shi dai a faɗa masa magana cikakkiya."

Wata rana aka kawo wa makarantarmu kwamfutoci da farantan hasken rana, aka kuma turo mana Malama Hansatu. Kai, Malama Hansatu! 'Yar siririya da tabarau, amma in ta zauna gaban baƙin allon nan tana bugawa, yatsunta ba sa ganuwa. Ana neman mai shara da kula da ɗakin, sai shugaban makaranta, Malam Ɗayyabu, ya ce a ɗauki Nomau tunda ko allura ba za ta ɓata ba. Malama ta kai shi kusurwa, ta nuna masa babbar na'urar da duk sauran ƙananan ke ɗebo karatu daga cikinta. Mu Uwar Ɗaki muke ce mata. Ta ce, "Baba Nomau, wannan ita ce ran ɗakin nan. Ka kula kada ta yi zafi." Ta tafi aji. Nomau ya dafa ƙarfen, ya ji ɗumi. Hankalinsa ya tashi. To shi a duniya hanya ɗaya ya sani ta sanyaya abu, wadda ake yi wa jarkar ruwa in za a gona. Ya nemo buhun algarara, ya jiƙa shi sharkaf a famfo, ya naɗe Uwar Ɗaki tun daga sama har ƙasa, ya ɗaure da igiya. Malama ta shigo daidai ya ɗaga moɗa zai ƙara yayyafi. Ihun da ta yi, har 'yan aji uku sai da suka leƙo ta taga. Allah ya kiyaye, ruwa bai kai ciki ba. Da ta samu numfashinta ya dawo, ta zaunar da shi ta ce, "Baba Nomau, mu yi alkawari. Daga yau a ɗakin nan ba za ka taɓa komai ba sai abin da na ambata da bakina."

Ya ce, "Abin da kika ambata da bakinki kaɗai."

Ku riƙe wannan alkawarin, zai dawo.

Wata rana Malama ta ce tsofaffin garin nan suna tafiya ɗaya bayan ɗaya da abin da ke kansu, gara mu ɗauki muryoyinsu mu adana a Uwar Ɗaki. Muka yi ta kawo kakanni, mai tarihi ya ba da tarihi, mai kirarin farauta ya yi. Ranar da Inna Marka ta zo, ɗakin cika ya yi har bakin ƙofa. Aka ba Nomau abin ɗaukar magana ya riƙe mata kusa da baki. Malama ta ce, "Kowa ya yi shiru. Baba Nomau, kai ka fi kusa, kada a ji ko numfashinka." Inna ta gyara zama, ta yi kamar tana tura dutsen niƙa, ta saki murya. Wayyo! Murya ce siririya, tana rawa kaɗan don tsufa, amma sai ka ji kamar asuba ce a wani gida da ka taɓa sani ka manta. Muna can mun shagala, ba wanda ya lura Nomau ya kumbura kumatu, idanunsa sun firfito, jijiyar wuyansa ta miƙe. Sai ji muka yi rim! Ya zube ƙasa. Na'ura kuwa tana ta ɗauka. Inna ta katse waƙar, ta rarrafa ta tallafo kansa tana cewa, "Auta! Auta! Ka ci abinci kuwa? In ba ka ci ba tashi maza ka je ka ci. Waƙa tana nan, ba inda za ta." Aka yayyafa masa ruwa ya farfaɗo, abin da ya fara tambaya shi ne, "An ji numfashina?" Malama ta so ta yanke wurin faɗuwar, Inna ta ce a bar shi, haka aka yi.

Bayan girbi Inna Marka ta kwanta, ba ta tashi ba. Allah ya jiƙanta. Tun daga sadakar bakwai, kullum da safe in Nomau ya gama shara, sai ya jingine tsintsiya ya zauna a ƙasa kusa da Uwar Ɗaki ya ce, "Malama, a sa mini Inna." Sai ta sa. Ya yi ta saurare kansa a sunkuye. In an zo wurin tambayar, sai ya ɗago ya ce, "Na ci, Inna." Da farko wasunmu na ƙunshe dariya. Daga baya muka daina.

Wata rana faifan ajiyar da ke cikin Uwar Ɗaki ya soma wata ƙara, ƙar-ƙar-ƙar, kamar injin markaɗe ya haɗiyi tsakuwa. Malama ta ce ya kusa mutuwa. Ta samo sabo, ɗan ƙarami kamar akwatin ashana biyu, sunansa SSD, ba ya juyawa, ba ya ƙara. Ta kwashe komai daga tsohon zuwa sabon, na'ura na kan aiki, mu ma muna kan darasi ba mu ko ji a jikinmu ba. Ba a jima ba tsohon ya mutu murus. Don kada a zauna da kwafi ɗaya, ta zuba muryoyin tsofaffi duka a wani ɗan faifai na hannu, ta ba Nomau ta ce, "Wannan shi ne madadin. Ka kai shi inda ba mai iya ɗaukarsa." Nomau ya yi tunani. Ƙarƙashin gado, Kyauta na shara. Cikin rumbu, yara na shiga. Kan katanga, dogo zai miƙa hannu. Sai ya tuna tsohuwar rijiyar bayan makabarta, wadda ko guga ba ya kaiwa gindinta. Washegari Malama ta ce ya kawo za ta ƙara wani abu.

Ya ce, "Ai ba ya ɗaukuwa."

"Kamar yaya?"

"Yana rijiyar bayan makabarta. Na ji ƙarar faɗawarsa, ya kai."

Malama ta cire tabarau, ta goge, ta mayar, ta sake cirewa. Ta ce, "Laifina ne." Ta nemi a sayo wani, aka ce sai sabon zango. Kun ga ke nan muryar Inna Marka a duk faɗin duniya wuri ɗaya ta rage, cikin ɗan faifan nan da ke cikin Uwar Ɗaki.

Wata rana Malama ta tara mu ta yi mana bayanin sabon faifan, Nomau na tsaye bakin ƙofa da tsintsiya yana ji. Ta ce, "Ku ɗauka faifan nan gandu ne babba. Akwai wani tsari a na'urar, sunansa LVM, shi kamar dattijon da ke raba gandu ne. Ya yanka shi gona-gona, ya kafa turaku a kan iyaka: nan gonar darussa, nan gonar gwajin jarrabawa, nan gonar muryoyin tsofaffi. Kuma duk sanda aka motsa turke, yana riƙe da inda yake a da." Muka ce mun gane. Ta ce, "Shi kuma SSD sauri gare shi kamar walƙiya, amma yana da hali. Ba ya shuka a kan tsohon kara, sai ya yi sassabe tukuna. In ba a gaya masa inda aka gama da shi ba, sai ya yi ta riƙon tarkace yana zaton amfani ne, har ya yi nauyi. Saƙon da ake aika masa a ce nan an gama, share ka ƙone, shi ake kira diskad." Wata ta tambaya, in an ƙone kuma aka yi nadama fa? Malama ta girgiza kai ta ce, "Abin da aka ce masa ya ƙone, ya ƙonu. Ba mai dawo da shi." Daga nan ta koya wa Nomau 'yan kalmomin da zai riƙa bugawa duk Juma'a kafin masallaci, na ƙaramin sassabe, wanda ke bin cikin kowace gona ya share wuraren da aka riga aka zubar da abin da ke kansu kawai. Ya haddace tsaf. Ba Juma'ar da ya taɓa tsallakewa. Sai aka shiga wani sati na hadari, rana ta ƙi fitowa, batura suka mutu, ɗaki ya yi duhu. Ranar Juma'a Malama ta leƙo ta ga Nomau zaune gaban allon da ba ko ɗigon haske, yana bugawa da yatsa ɗaya, a hankali, harshe a waje. Ya danna na ƙarshe, ya naɗe hannu yana jira. Can ya miƙe.

"Na yi sassaben, Malama."

"Da wace wutar, Baba Nomau?"

"Ba ki ce sai da wuta ba."

Wata rana, satin da ya wuce ne ma, aka kira Malama taron horo a birni. Tana can ta tuna jarrabawa ta matso, kuma in ta dawo dole ta cire wasu tsofaffin gonaki a faifan don a samu wuri. To akwai wani umarni daban a tsarin LVM, wanda in an kunna shi, duk sanda aka cire gona sukutum, nan take za a aika wa faifan saƙon ya ƙone ta, ba jira. Ta so ta dawo ta tarar an kunna. Ta kira Nomau a waya, ya sa ta a amsa-kuwwa, muna ɗakin kwamfuta muna ji. Ta bi da shi harafi-harafi har ya buɗe fayil ɗin da ake rubuta dokokin tsarin.

"Ka ga layin da aka rubuta issue_discards?"

"Na gan shi."

"A ƙarshensa akwai sifili. Goge sifilin ka sa ɗaya."

"Na sa. Amma Malama, a gaban layin akwai wani ɗan..."

"Baba Nomau, wane alkawari muka yi?"

"Abin da kika ambata da bakinki kaɗai."

"Yauwa. Adana ka rufe. Ana kiranmu, zan shiga."

Abin da Nomau ya gani 'yar alama ce a farkon layin, sanda biyu a tsaye, biyu a gicciye, irin wadda ake dannawa a ƙarshe in za a sa katin waya. Shi a idonsa shinge ne, ɗan ƙaramin shingen kara da aka kafa a bakin layin. Ya daɗe yana kallonsa. Yatsansa har ya je kusa, ya janye. Ya adana, ya rufe. Da ya koma gida ya ce wa Kyauta akwai wani shinge da ke damunsa. Ta ce, "Malam, naka ne?" Ya ce a'a. Ta ce, "To ka bar wa masu abu abinsu, zo ka riƙe mini matsami." Ya zo ya riƙe.

To, yau fa! Yau ɗin nan!

Gobe masu duba shirin jarrabawa za su zo, makaranta ta rikice tun da sassafe. Malam Ɗayyabu ya sa Nomau ya zo tun kafin rana ta fito ya share harabar gaba ɗaya, ko koko bai tsaya sha ba. Mu kuma muna ɗakin kwamfuta, Malama na gaban Uwar Ɗaki za ta cire gonar tsofaffin gwaje-gwajen bara. Malam Ɗayyabu na tsaye a kanta, yana tambayar kujeru nawa suka karye, yana tambayar wa ke da mabuɗin sito, wayarsa na ta kuka, yana cewa, "Malama, a yi sauri, don Allah a yi sauri." Ta juya tana ba shi amsa, hannunta na bugawa. Na'ura ta tambaye ta ko ta tabbata. Ta ce e.

Sai ta juyo ta kalli allon.

Ban taɓa ganin fuskar mutum ta canza haka ba. Ta ce, "Innalillahi wa inna ilaihi raji'un." Ta janye hannuwanta daga kan madannai kamar ta taɓa garwashi. Malam Ɗayyabu ya ce lafiya? Ta ce, "Ba gonar gwaji na cire ba. Ta muryoyin tsofaffi na cire."

Kowa ya tuna kakarsa, kowa ya tuna rijiyar bayan makabarta. Kuma daidai lokacin sai ga Baba Nomau ya shigo, gumi na zuba, tsintsiya a hannu. Bai san komai ba. Ya ratsa mu, ya zauna a wurinsa na kullum, ya ce, "Malama, yau na makara. A sa mini Inna."

Malama ta sauko daga kujera, ta durƙusa gabansa. Hawaye na bin ƙarƙashin tabarau. Ta ce, "Baba Nomau, ka yafe mini. Na tumɓuke turakun gonar Inna da hannuna. Da turakun kaɗai ne, da sauƙi, sai a mayar. Amma ka tuna abin da na sa ka canza ta waya? Shi ne ke cewa a ƙone nan take. An riga an ƙone."

Nomau ya kalle ta. Ya kalli Uwar Ɗaki. Ya ce, "Ni na sa ɗayan. Ni na ƙone Inna ke nan?"

"A'a, wallahi ba kai ba ne. Ni na sa ka."

Ya sunkuyar da kai. Shi dai a ransa yana ganin gona, yana ganin wuta na tafe tana cin kara, yana ganin Inna zaune a tsakiya da dutsen niƙanta. Sai wani abu ya tsaya masa. Ya ɗago a hankali ya ce, "Malama, wutar har shingen ta tsallake?"

"Wane shinge?"

"Ɗan shingen da ke bakin layin. Na so in gaya miki, kika ce alkawari."

Sai Malama ta zabura ta haye kujera, ta buɗe fayil ɗin dokokin, ta gangara, ta gangara, ta tsaya. Muka yi caa a bayanta muna leƙe. Ga layin nan. Ga ɗayan da Nomau ya sa a ƙarshe, tsaf. Ga kuma ɗan shingen a farko, yana nan daram inda yake.

Ta ce, "Baba Nomau... ba ka cire shi ba?"

Ya tsorata, ya ɗauka faɗa za a yi. Ya ce, "Ba ki ce in cire shi ba."

Sai Malama ta fashe da wani abu, ba kuka ba ba dariya ba, duka biyun a haɗe. Ta ce, "'Yan mata, ku duba da kyau! Duk layin da aka kafa wa wannan alamar a gaba, na'ura ba ta karanta shi. Tsallake shi take yi kamar ba a rubuta ba. Ni na manta ban ce a cire ba, don a kaina duk mai wannan aikin ya san ana cirewa. Umarnin ƙonewa bai taɓa isa kunnen faifan ba! Turaku kawai suka fita, amfanin gona na nan tsaye!" Ta ɗaga hannu ta ce, "Kada kowa ya motsa! Kada a taɓa komai, kada a ajiye komai sabo, kar a shuka a kan wurin!"

Nomau lokacin ya soma miƙewa, gwiwa ɗaya a ƙasa, tsintsiya a sama. A haka ya ƙame.

Wallahi ban taɓa ganin aiki irin wanda Malama ta yi ba. Ta nemo inda dattijon nan LVM ke riƙe da tsofaffin iyakoki, ta zaɓi na kafin kuskuren, ta karanta shi, ta sake karantawa, ta sa mu ma muka karanta mata da ƙarfi. Malam Ɗayyabu ya buɗe baki zai yi magana, ta ɗaga masa yatsa ɗaya ba ta ko juyo ba, ya rufe bakinsa, har wayar ma ya kashe. Ta yi bismillah ta danna. Ta mayar da turakun ɗaya bayan ɗaya inda suke. Ta tada gonar. Ta buɗe.

Sai ga sunaye suna zubowa a allo. Kakan wance, kakar wane, mai kirarin farauta, duk suna nan. Ta gangara ta danna na Inna Marka.

Ɗan shuuu ya fara fitowa, sai tarin wani daga baya, sai muryar. Siririyar nan mai rawa. Ta cika ɗakin kamar ba ta taɓa zuwa bakin halaka ta dawo ba. Wata a bayana ta fashe da kuka. Malam Ɗayyabu ya cire hula, ya rasa me zai yi da ita, ya mayar, yana ta faɗin, "Allahu akbar. Ikon Allah. 'Yar alama kamar ƙafar sauro!" Ku duba fa, da Baba Nomau mai wayo ne irin na mutane, da ya ce ai Malama mantawa ta yi, bari in gyara mata. Da yanzu ba sauran muryar kowa.

Sai da aka ɗan jima aka lura har yanzu yana nan a ƙame, gwiwa a ƙasa, tsintsiya a sama, hawaye na gangarowa cikin gemunsa ya kasa sharewa. Malama ta ce, "Baba Nomau, motsa mana! Na janye, motsa!" Sannan ya sauke hannu, ya zauna.

Malama ta ce shingen nan ya zauna ke nan, ba za ta cire ba, sassaben Juma'a ya ishe mu. Nan take ta soma zuba muryoyin a wayarta. Malam Ɗayyabu ya ce faifan madadin ba sai sabon zango ba, gobe-goben nan za a sayo, ya ƙara da cewa, "Kuma ba Nomau zai ɓoye shi ba." Aka yi dariya. Ya gyara murya, ya soma jawabi, yana cewa za a tara makaranta gaba ɗaya a yaba wa Nomau, ya matso ya miƙa masa hannu.

Nomau bai ma gan shi ba. Kunnensa na wurin Inna. Waƙar ta zo inda ake jin rim ɗin faɗuwarsa, ta katse, sai muryar ta matso kusa, kamar tana cikin ɗakin: "Auta! Auta! Ka ci abinci kuwa?"

Ya buɗe baki zai ba da amsar kullum, sai ya tsaya. Nomau ba ya ƙarya. Ya ce, "Yau ban ci ba, Inna."

"In ba ka ci ba tashi maza ka je ka ci. Waƙa tana nan, ba inda za ta."

Ya ce, "To, Inna."

Ya miƙe, ya jingine tsintsiya a kusurwarta, ya wuce hannun Malam Ɗayyabu da ke miƙe a iska, ya ratsa mu, ya fita. Malam Ɗayyabu ya bi shi bakin ƙofa yana kira, "Nomau! Ban gama ba!" Malama ta ce, "Ranka ya daɗe, ƙyale shi. An faɗa masa magana cikakkiya."

Da aka tashi na biyo ta hanyar rafi don in gani da idona. Yana zaune gindin zogale, kwanon koko a gabansa, Kyauta na tsame masa ƙosai mai zafi tana tambayarsa me ya faru yana cewa bari ya gama tukuna, ci aka ce ya yi. Akuyar nan marar suna ta zuro kai ta ɗauke ƙosai ɗaya daga gefen kwanon. Ya kalle ta, ya bar ta. Na gaishe shi na ce, "Baba Nomau, ba za ka koma ka ji sauran waƙar ba?"

Ya haɗiye, ya share baki, ya ce, "Ba sauri. Inna ta ce tana nan."